Kafin Jirgin Ruwa

Sati bakwai da sallamo ni daga asibitin Dala,
ƙusa huɗu a gadon bayana,
sai ga saƙo daga Jidda:
Ladidi ta biya mini jirgin ruwa,
kwana biyar a Bahar Maliya.

Ni da ban san ruwa ba sai kududdufin bayan gida,
sai ambaliyar Gwammaja in damina ta fusata.

Likita ya ce, "Ka je, Ɗanjuma,
amma kada ka ɗaga abin da ya fi buta."
Na yi dariya har ɗinkin ya tsawata mini.
Shekara talatin ina saɓa dilar atamfa a Kwari,
yau buta ce iyakata.

Kullum da hantsi ina gwaji.
Daga ɗaki zuwa zaure taku sha tara,
hannu a bango, ƙasa na tangaɗi.
Ashe tun a tsakar gida na hau jirgin.

Jikana ya cika baho,
ya ɗora murfin kwano, yana hurawa.
"Kaka, ga naka."
Na kasa sunkuyawa in gani.
Na dai tsaya, bel a ƙugu,
ina sauraron ruwan yana taɓa gefe.