Dodo a Kan Jar Fata

Da azahar ya shigo rumfata, gumi na bin wuyansa,
mutumin Sin, mai aikin siminti a Kalambaina.
Ya shimfiɗa takarda a kan gwiwata.
Modi, yarona, ya leƙa ya ja da baya:
"A'uzubillahi, Baba, mi na na?"

Na duba. Ƙahon barewa bisa kan raƙumi,
gashin baki na tarwaɗa,
ɓawon karfasar Kwalkwalawa,
faratan shaho, saura duk mesa ce.
Kamar baduku ya tara ragowar yankansa
ya ce bari in haɗa dabba.

Jaka yake so, ta 'yarsa,
wai a shekarar wannan abu aka haife ta.

Na ce, mu namu macijin rijiya ya tsare,
ya hana gari ruwa sai da takobi ya yi magana.
Modi ya ce na Turawa wuta yake amai,
yana kwance kan zinariya kamar marowaci,
har wani mai doki ya zo ya soke shi.

Baƙon ya yi dariya da Hausarsa mai ɗingishi:
"Namu ba kashewa. Namu kawo ruwa."
Kakarsa, in ji shi, in shinkafa ta soma rawaya,
sama take kallo, tana jiran motsin wutsiyarsa.

Kwana tara ina bin lanƙwasarsa da basilla.
Wuyan ya ba ni wuya.
Sau biyu na warware idon, don ya fito da mugunta,
alhali a takardar kamar tsoho ne mai jin barci.

Ran karɓa ya ƙirga faratan: biyar.
Ya dafe ƙeya. "Biyar na sarki ne kaɗai.
A da, da kanka ya tafi."
Na zare ɗaya a kowace ƙafa.
Talaka ko a wajen dodo da iyakarsa.

Ya biya, bai yi ciniki ba, ya tafi.

Daren nan hadari ya taso ta gabas,
walƙiya ta yi doguwar lanƙwasa bisa Rima.
Na san mai saukar da ruwa, ban yi shakka ba.
Amma na daɗe tsaye a ƙofar gida
ina tuna wata tsohuwa da ban taɓa gani ba,
da gonarta, da wuyanta a ɗage.

Faratan huɗu na nan cikin gwangwanin allura.
Modi ya ce a zubar. Ban zubar ba.