Kiyashi

Kiyashi ne suka fara gaya mini.
Da asuba na iske su jere a bayan ɗaki,
daidai inda Sahura ta tsuguna da dare,
kamar masu jiran rabon hatsi.

Randa guda ta shanye cikin kwana biyu.
Kayan lakwal suka soma zamewa daga ƙugunta.
Na ce bazara ce. Na ce tsawo take yi.
Na ce komi da komi, ban da sunan abin.

Alhali na daɗe da sanin sunan.
Ni ce mai girki a Filato,
gidan ƴan Sin masu aikin hanya.
Shekara biyu ina auna wa Yuze shinkafa da ɗan kofi,
uwarsa tsaye a kaina tana ƙirga da yatsu.
Yaro ɗan sha ɗaya,
kan yatsunsa huje kamar rariya.
In na koma Bukoki sai in ce wa maƙwabta:
ciwon sukari, ai na ƴaƴan masu kuɗi ne,
daga can ƙasarsu suka zo da kayansu.
Da bakin nan na faɗa, ina tauna goro.

Ranar da na zo aiki ido kumbure
Madam Tan ba ta tambaye ni ba.
Faransancinta bai cika cokali ba, nawa ma haka.
Takardar lokotoro ta hango ƙulle a bakin zanena.
Ta warware, ta duba lambar,
ta zauna bisa buhun albasa.
Lamba ba ta neman tafinta.

Sai ta ɗauko lemo da allura.
Ta kama hannuna. Mun soki lemon nan
har hannun ya bar rawa.

Yanzu maganin Yuze na kwana cikin firigo,
in kuran ya ɗauke, inji ya tashi da ruri.
Na Sahura yana cikin tulu,
tulun cikin yashi,
yashin ina jiƙa shi sau uku a yini
kamar mai ban ruwa ga shukar da ba ta tsirowa.

Ran Asabar na zo da ita.
Suka zauna gindin mangwaro suna gwada yatsu,
wa ya fi huda, suna dariya.
Mai ƙanƙarar zoɓo ya wuce bakin ƙofa yana kira.
Su biyu suka ɗaga kai.
Su biyu suka sunkuyar.

A ƙasa kiyashi na jan ƙwayar shinkafa.
Sahura ta janye ƙafarta,
ta ba su hanya.