Tsatsa Ma Wuta Ce

A maƙerar kakana Mati, gabas da Ringim,
ni ce 'yar zuga.
Shekarata bakwai, tafina bai cika bakin zugazugi ba.
Ya ce, "Zauna, Talatuwa,
iska ba ta tambayar mai hannu."

Ya zuba gawayin ƙirya, baƙi wuluk, shiru kamar mai azumi.
Na danna dama, na danna hagu,
fatar akuya ta yi nishi,
ja ya keto cikin baƙi,
ya koma ruwan ɗorawa, ya doshi fari.
"Kin gani? Ko tsinke ban ƙara mata ba.
Numfashi kika ba ta."

Wuta, in ji shi, tukunya ce bisa duwatsu uku:
abin da za ta ci,
iskar da za ta shaƙa,
da zafin da zai tashe ta daga barci.
Zare ɗaya, tuwo ya kife.

Ran da man gyaɗa ya kama a kaskon Inna Tabawa,
maƙwabciya ta sheƙo da ƙwaryar ruwa.
Ya daka mata tsawa,
ya kifa tasa a kai.
Tsit.
Ɗan hayaƙi ta gefe, shi ke nan.
"Ba dukanta ake ba," ya ce, "shaƙe ta ake."

A jakar fatarsa akwai ƙyastu da ƙanƙara
da curin audugar rimi, gadon kakansa,
tun ashana ba ta san hanyar kasuwarmu ba.
A lokacin ba a barin wuta ta kwana tsirara:
a lulluɓe garwashi da toka,
wanda tasa ta mutu ya aiki yaro da katanga.
Shi ya sa har gobe in baƙo ya ƙi zama
muke cewa, "Ɗibar wuta ka zo?"

Kafin su fa?
Ya ɗaga kafaɗa.
Wataƙila aradu ce ta faɗa wa wata bishiya,
kowa ya ranta a na kare,
ɗaya ya tsaya, ya miƙa hannu ya ɗauki reshe.
Ba wanda ya riƙe sunansa,
amma kowane tuwo da gishirinsa a ciki.

Yau ni ce gaban allo, 'yan aji biyar.
Na kunna kyandir, na kifa masa kwalba,
suna ƙirgawa da ƙarfi.
A sha ɗaya ya langaɓe, a sha uku ya tafi.
Na rubuta oksijin da alli,
kunnena yana jin nishin fatar akuya.
Littafi ya ƙara mini abin da Mati bai faɗa ba:
itace rana ce da bishiya ta tara a rumbu,
hayaƙi kuwa abincin da wuta ta bari a kwano.

Bara na koma. Shekara tara da rufe shi.
Rumfar ta zube, gara ta ci turken,
uwar maƙera na nan inda ya bar ta,
da wata garma da bai ƙarasa ba, ta yi jawur.

Littafin ya ce tsatsa ma ƙuna ce,
ƙarfe ne ke shan iska a hankali,
ba harshe, ba hayaƙi, ba mai zuga.
Na shafa ta da yatsa.
Ashe tun da ya tafi
maƙerar ba ta huce ba.