Gogen Fada

A gidanmu na Yelwan Tudu akwai wani goge
wanda ba na ƙwarya ba, ba na fatar guza ba.
Katako ne ja, mai ƙugu irin na zanzaro,
tsirkiya huɗu, akwatinsa na warin kananzir.
Wani Fada ɗan Ayalan ya bar wa kakanmu Ishaya
ranar da gwiwa ta ce masa ya koma gida.
Shekara goma sha ɗaya kaka na dafa masa dankali,
duk cikin ladan, wannan ne bai ƙare ba.

Baba ya gada. Yakan maƙale shi a haɓa
kamar mai amsa waya hannu na cikin ƙullu.
Ƙaron Turawa ya ƙare tun ban zo duniya ba,
na maje muke shafa wa izga.
Mama ta rufe tsohuwar rariya da fatar akuya,
tana kaɗa ta da guntun muciya.
Yaya Bulus ya yi wa bututun wayar lantarki huda shida,
sarewa ta samu.
Ni da Keziya, ƙafafu ne rabonmu.

Mukan cire ƙyauren ɗakin girki mu shimfiɗa a ƙasa.
Wani baduku a Wunti ya buga mana marafan kwalba a dunduniya.
Hannu a miƙe, manne da cinya,
wuya tsaye kamar mai ɗauke da tulu,
daga gwiwa zuwa ƙasa kuwa, ruwan Agusta a kan kwano.
Maƙwabciya ta leƙo ta katanga:
"Wannan rawa ce ko faretin soja?
Ina kafaɗa, ina ƙugu?"
Keziya ba ta tankawa, dariya ɓata ƙirga take.

Mun yi biki a Bogoro, mun yi a Dass,
a Tafawa Balewa janareto ya mutu
muka ƙarasa a hasken babura uku.
Akwai wani take da ba mu san sunansa ba,
"Na Fada" muke ce masa.
Da shi muke shigo da amarya.

Sai bara Bulus ya kara wayarsa a bakin goge.
Ta yi ɗan tunani, ta kawo shi:
wata tsohuwa ce can ƙetare, a hankali take ja
kamar mai zare ƙaya daga ƙafar yaro.
An rubuta a ƙasa cewa kukan rabuwa ne
na waɗanda yunwa ta kora cikin jirgin ruwa,
iyaye na tsaye a gaɓa, sun san ba a dawowa.

Ashe shekara hamsin muna guɗa a kan makokin wasu.

Baba ya ajiye izga, ya daɗe yana kallon ƙasa.
"Shi ya sa," in ji shi. "Ina yaro, a barandar mishan,
in ya iso nan wajen sai ya juya mana baya.
Na zaci sirrin yatsu yake ɓoyewa."

Sati biyu akwatin na ƙarƙashin gado.
Ƙyaure ya koma mazauninsa, kaji suka daina shiga ɗakin girki.

Mama ce ta jawo shi, ta share da gefen zane.
"Ranar da aka kawo ni gidan nan daga Boi,
uwata ta rako ni har bakin rafi, ta tsaya.
Ban waiwaya ba, ita ma ba ta kira ba.
Wace amarya ce ba jirgi ta shiga ba?
Ɗaura tsirkiyarka, Asabar akwai bikin 'yar Gambo."

Ran Asabar Baba ya fara shi a hankali,
irin jan tsohuwar. Rumfa ta yi tsit,
har mai zoɓo ta sauke bokiti.
Zagaye ɗaya.
Sannan Mama ta doki rariya,
Keziya ta dube ni ta wutsiyar ido,
muka hau ƙyaure.
Marfi ɗaya ya ɓalle daga takalmina,
ya gangara ƙarƙashin kujerar ango.
Ban bi shi ba.
Da dunduniya guda na kai amarya mazauninta.