Masu Cajin Waya

Daga Kumasi na taso, da jaka biyu da takardar aiki,
da Hausar zango da na tsotsa a bakin kakata.
Ni a zatona gida zan dawo.
A Kwangila na buɗe baki na tambayi hanya,
ɗan acaɓa ya dube ni sama da ƙasa:
"Malam, kai kuwa mutumin wace ƙasa?"

Wata uku ina ɗaukar hoton ƙirji a asibitin Shika.
Na san haƙarƙarin rabin gari,
ban san sunan maƙwabcina ba.
Da la'asar in koma Hayin Dogo in ja ƙofa,
in dafa shinkafa da wake irin namu, ja da karan dafi,
in ci a cikin tukunya,
don faranti sai mai baƙo.

Sai taransifoma ta ƙone.
Kwana tara unguwa na lalube,
ban da tagata, wadda ɗan faifan sola ke ciyarwa.
Barau tela ne ya fara ƙwanƙwasawa,
waya a hannu, kunya a ido:
"Ko a sam mini wuta kaɗan? Minti goma."
Minti goman nan ya kai mu sha ɗayan dare.

Ashe ba a barin waya ta ci ita kaɗai.
Mai ita kan tsaya, tsayuwa ta gaji ta nemi tabarma.
Istifanus bakanike ya zo da tasa da ta matarsa,
Malam Jumare ya zo da rediyo da tari da labarin fansho.
Lantana ta gidan gaba ta aiko yaro da tata,
da kwanon ɗanwake a rufe,
wai kuɗin wuta.

Ran nan na ce, "Uwata ya kira ni jiya."
Barau ya kife da dariya har hula ta faɗi:
"Uwar taka gemu gare ta?"
Na kwana da haushi.
Kashegari na rama da zancen ƙwallo,
na sa musu barkonon garinmu a abinci ban faɗa ba,
Jumare na hawaye yana neman ƙari.
Tun daga nan sunana ya ɓace,
Uwata-ya-kira ake ce mini har bakin kasuwar Samaru,
ni kuma ina amsawa.

Wata Laraba cikin marka,
waya ta yi ƙara kafin kiran assalatu.
Hanya kwana biyu ce, iyaka uku,
kabari kuwa ba ya jiran mota.
Na fito ƙofa ba takalmi.
Barau na share gaban shagonsa.
Na ce, "Uwata ya rasu."

Bai gyara mini ba.
Ya jingine tsintsiya.

Kafin hantsi tabarmi sun kai bakin kwata.
Istifanus ya ɗauko benci biyu a kan babur tun daga Wusasa,
Lantana ta ɗora babbar tukunya,
Jumare ya matso ya tambaye ni sunanta a hankali.
Na ce Memuna.
Ya ɗaga hannu, layin gaba ɗaya ya ɗaga.
Kwana uku suna zaman makokin matar da ba su taɓa gani ba,
mutanen da ban sani ba suna riƙe hannuna,
suna cewa, "Ashe mun yi rashi."
Mun.
Kalmar nan na sa a aljihu, har yau ban kashe ta ba.

An gyara taransifoma tun bara.
Amma bayan isha'i sai in ji ƙwanƙwasa,
Barau ne, waya a hannu, kunyar ta tafi.
Na karɓa na leƙa: batir cike yake taf.
Ban ce komai ba.
Na jona ta,
na sauko da faranti biyu.