Shafi na Arba'in da Biyu

Jaridu sun ce ranar Talata ka rasu, Ambrose Tillotson.
Litinin ce, da dare, sha ɗaya ta gota kaɗan.
Ni na sani,
don tafin hannuna ne ya rufe maka ido.

London ta cika shafuka da sunanka.
Wannan ya ce ginshiƙin 'yan ra'ayin riƙau ya faɗi,
wancan ya ce harshe ne mai kaifin aska,
wani ya ce gara haka, bangon ya daɗe yana tare hanya.
Duk cikinsu babu wanda ya taɓa yanke maka farce,
babu wanda ya san sai an ɗumama safa kafin ka yarda a sa maka.

Shekara uku ina sauka daga bas a Malton,
in bi gefen kasuwar shanu, ruwan sama na dukan lemata,
in tarar da kai kana faɗa da rediyo
kamar mai bin sa bashi.

Littafinka na bakwai na karanta a ɗakin girkinka,
ina jiran ruwan shayi ya tafasa.
Ka ce gidan ya cika, a ja ƙofa, a sa sakata.
A shafi na arba'in da biyu na ga kaina:
baƙuwa mai akwati ɗaya da takardar aiki.
Na kawo maka shafin tare da maganin rana.
Ka ce, "Ba ke nake nufi ba, Kande."
Na ce, "Mai jifa cikin kasuwa
ba shi ke zaɓen kan da dutse zai sauka ba."
Ka yi shiru har shayin ya huce.
Ba ka janye ba. Ni ma ban janye ba.

Amma in ka fara kukan ƙararrawar cocin da aka daina bugawa,
da gidan wayan da ya koma shagon gyaran gashi,
da yaran da ke wuce tsoho babu gaisuwa,
sai in ji muryar babana a Funtuwa
ranar da aka sare tsamiyar ƙofar gidanmu don a faɗaɗa titi.
Ashe tsoron tsofaffi uwarsu ɗaya.

In na shimfiɗa sallaya a lungun falo
kai da kanka kake miƙa hannu ka kashe rediyo.
Ba mu taɓa yin maganar ba.

Da hannunka ya soma rawa, ni na zama alƙalaminka.
Sharhinka na ƙarshe kana faɗa ina bugawa,
kalma bayan kalma, wasu kamar tsakuwa cikin shinkafa.
Ko waƙafi ban canza ba.
Amana ce, ko da ta yi ɗaci.

Ranar binne ka manyan kwat baƙaƙe sun cika gaba,
na zauna a bencin ƙarshe kusa da ƙofa.
Sun yi ta yabon wani jarumi da ban taɓa gani ba.
Wanda na sani yana tsoron duhu,
yana kiran matarsa Winifred, shekara tara bayan mutuwarta.

Ɗanka ya miƙo mini ƙunshi a bakin mota.
Littafin nan ne dai, na bakwai,
da rubutunka a karkace kamar sawun kaza:
"Ga Kande, wadda ba ta taɓa yarda ba."

Har yanzu ban yarda ba, tsoho.
Kamfani ya tura ni wani gida a Pickering,
matar ba ta musu, komai na ce sai ta ce to.
Jiya da ƙarfe huɗu na sauko da kofi biyu,
na zuba sukari cokali uku a ɗaya,
sannan na tuna.