Baƙon Ɗaki na Huɗu

Ya sauko daga kwale-kwale da la'asar sakaliya,
takunkumi biyu a fuska, jaka a baya.
Torsten, haka ya rubuta a littafin baƙi.
Kafin ya tambayi kuɗin ɗaki
sai ya nuna zakarana da yatsa:
"Wannan fa, lafiyarsa ƙalau?"

Na dafa masa ƙwan agwagwa har ya yi tauri,
ya ture kwanon kamar garwashi na zuba.
Amma ruwan rake na bakin gada,
mai ƙanƙarar da ake ja a ƙasa da ƙugiya,
kofi uku ya shanye yana lumshe ido.
Ya hau bayan babur ɗin Khoa babu hular kwano,
wai zafi.
Man sauron da na ba shi ko murfin bai buɗe ba.
Da hantsi yakan miƙe a ragar lilo
gefen randunan ruwan sama,
ƙafafu a waje, farare sol,
iskar Mekong tana yi masa fifita.

Ni kuwa na san murar tsuntsaye,
ba a jarida na karanta ta ba.
Shekarar da ta zo mana ina 'yar sha ɗaya.
Mutane cikin fararen kaya har ido
suka cusa agwagin babana a buhu,
ɗari takwas, suna kuka,
rami ɗaya, aka watsa farar ƙasa aka rufe.
Baba ya yi wata guda yana fita da sandar kiwo
ya tsaya a bakin fadama, ya dawo.
Da Phuc, ɗan maƙwabta,
wanda ya fige matacciya da hannunsa
don kada nama ya tafi a banza.
Kwana tara. Takalmansa na nan wajen uwarsa.

Wannan cuta ta san gidan da take nema:
mai shara a akurki, mai yanka, mai fiɗa,
mai kwana da numfashin kaji a ƙarƙashin gado.
Ina ruwanta da mai wucewa
da ya ɗauki hoto daga nesa?

Ran kwana na bakwai ɗaki na huɗu bai buɗe ba.
Na same shi yana rawar ɗari,
ƙashi na sara, bayan ido na zugi.
"Tsuntsayen ne," in ji shi, "na sani."
Likita Nhung ta duba jini ta girgiza kai:
denge ce.
Ɗan hakin da ka raina.
Wani ɗan sauro mai ɗigon fari a ƙafa,
ko kuka bai yi ba da ya zo.

Ya sha ƙarin ruwa leda biyar.
Na kai masa kunun shinkafa da romon kaza,
ya shanye tas, bai tambayi asalinta ba.

Ranar tafiya ya shafe jiki da man sauro
har yana ƙyalli kamar tarwaɗa.
Zakarana ya yi cara a kan shinge.
Ya dube shi,
ya gyara takunkumi.